'Yan kwikwiyona suna ramewa, dasashinsu ya yi fari: tsutsar ciki ce?

Mafarauci:
Assalamu alaikum. Karyata ta farauta ta haihu a farkon damina, yanzu 'ya'yan sun kusa mako uku, amma suna ramewa, ba sa iya tsotson nono da ƙarfi, dasashinsu ya yi fari fat, kashinsu kuma baƙi ne kamar kwalta. Ban ga tsutsa ko ɗaya a cikin kashin ba. Shin tsutsar ciki tana iya shanye jinin kare har haka, alhali ba a ganinta?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malam. Tana iya yin haka, kuma alamomin da ka lissafa sun fi kama da aikin tsutsa mai ƙugiya, wadda likitoci ke kira Ancylostoma caninum. Tsawonta bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba, tana kuma maƙalewa a bangon ƙaramin hanji, shi ya sa da wuya ka gan ta a kashi. Tana cizon hanjin da haƙoranta, ta zuba wani sinadari da ke hana jini daskarewa, sannan ta sake wuri ta bar na farko yana zuba. Tsutsa guda tana iya jawo asarar jini har kusan mililita 0.1 a rana, to ka auna abin da ɗaruruwansu za su yi wa kwikwiyon da jininsa gaba ɗaya bai cika kofin shayi ba. Baƙin kashin nan jini ne da ya narke a hanji.

Abin da ya fi haɗari shi ne 'yan kwikwiyon suna ɗaukar tsutsar ta nonon uwarsu, kuma tsutsar tana fara shan jini kafin ta fara yin ƙwai, don haka ana iya duba kashi a madubin likita a ce babu komai, alhali kwikwiyon yana gab da mutuwa. Ka kai su asibitin dabbobi yau, a auna yawan jajayen ƙwayoyin jininsu. A babban kare lafiyayye awon yana tsakanin kashi 37 zuwa 55 cikin 100, na kwikwiyo ya ɗan gaza haka, amma idan ya faɗi warwas sai an yi ƙarin jini.

Makiyayi:
Likita, Allah ya ƙara sani. Ni dai a wajenmu idan kare ya yi farin dasashi, kaska muke fara zargi, domin cutar da take sakawa a jini ita ma tana ƙarar da shi. Yaya mutum zai bambanta? Kuma ko za a iya ba su maganin tsutsa na shanu?

Likitan Dabbobi:
Zarginka yana kan hanya, Malam. Cutar Babesia da kaska ke yaɗawa tana fasa ƙwayoyin jini ne a cikin jijiya, don haka ta fi zuwa da zazzaɓi, da jan fitsari, wani lokaci ido ya yi rawaya. Tsutsa kuwa fitar da jinin take yi daga jiki, tare da sinadarin ƙarfen da ke cikinsa, nonon uwa kuma ba ya ɗauke da isasshen ƙarfen da zai maye gurbinsa. Wannan ne dalilin da ya sa kashe tsutsar kaɗai ba ya dawo da jini nan take, sai an haɗa da maganin ƙarin ƙarfe da abinci mai gina jiki.

Maganin shanu kuwa ban yarda da shi ba, domin an haɗa shi ne don dabba mai nauyin ɗaruruwan kilo, kuskure kaɗan a awo zai halaka kwikwiyo. Abin da aka saba bayarwa shi ne Pyrantel ko Fenbendazole, bisa nauyin jiki, a mako na 2, 4, 6 da 8 bayan haihuwa, a kuma bai wa uwar. A riƙa kwashe kashi kullum, domin 'ya'yan tsutsar suna rayuwa a jiƙaƙƙen rairayi mai inuwa, suna huda fata su shiga, har yaran da ke yawo ba takalmi suna yi musu zane mai ƙaiƙayi a ƙafa.