Turjiya ko juriya? Mu tsayar wa "resistance" suna

1/ Salamu alaikum jama'a. Masu wayarin, masu gyaran rediyo, malaman kimiyya na Kano, ku matso. Ina so mu tsayar da kalma ɗaya da za ta ɗauki abin da Bature ke kira "resistance" a lissafin lantarki. Ni turjiya na zaɓa, ga kuma hujjata.

2/ Tun farko mu muka cakuɗa abin. Komai "ƙarfin wuta" muke ce masa: bolt ƙarfin wuta, amfa ƙarfin wuta, wat ma haka. Idan fanka ta fara juyi kamar mai jin barci sai ka ji an ce an kawo "lo karan", alhali bolt ne ya faɗi. Abu uku da suna ɗaya, ta ina yaro zai kama lissafi?

3/ To mu raba su. Abin da ake aunawa da bolt, mu ce masa turi, don shi ke tura wuta cikin waya. Abin da ake aunawa da amfa, kwarara. Abin da ke tare hanya yana rage kwararar, wanda ake aunawa da om, shi ne muke nema wa suna.

4/ Duk wanda ya taɓa janyo rago daga 'Yan Awaki ana gobe Babbar Sallah ya san turjiya. Ya kafa ƙafafun gaba, kana ja, ƙaninka na turawa ta baya. Ba wai ba ya tafiya ba ne, yana tafiya, amma gwargwadon turinku da gwargwadon turjewarsa. Abin da wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa ke nan a 1827: ka raba turi da turjiya, sai ka sami kwarara. Idan kuma turjiyar kake nema, ka raba turi da kwarara.

5/ Wata malama ta ce mini a sa juriya. Malama, Allah ya ƙara ilimi, amma juriya haƙuri ce da ɗaukar wahala. Wanda ya ji an ce waya tana da juriya mai yawa zai ɗauka yabonta ake yi, ya ce a ba shi irinta. Ga shi kuwa a wayarin ɗin gida ƙanƙantar wannan abu ake so. Siririyar waya ta fi kakkaura turjiya, doguwa ta fi gajera, shi ya sa idan aka ɗora wa siririya hita sai ta ɗau zafi har robarta ta fara wari. Jan ƙarfe kuwa ya fi alminiyom ƙarancin turjiya.

6/ Tsayayya ma na gani ana rubutawa. Wannan ta 'yan siyasa ce. Cikas kuma yana nuna an sami matsala, ita kuwa turjiya ba kullum take aibi ba: da ita dutsen guga yake zafi.

7/ Mu gwada kalmomin a aiki, don a nan ake gane mai ɗorewa. Saura ɗaya, abin da ake aunawa da wat, ma'aunin da ya ci sunan James Watt. Wannan ba sai mun ƙirƙira ba, iyayenmu mata sun riga mu: "kashe hitar nan, tana da cin wuta." Ci ke nan. Turi sau kwarara, shi ne ci.

Juya dutsen guga ka karanta abin da aka rubuta a gindinsa. A ce wat 1000 ne, wutar gida kuma bolt 230. Raba 1000 da 230, kwarara ta kama kusan amfa 4.35. Raba 230 da 4.35, turjiya ta kama kusan om 53.

Sai tsohon ƙwan fitila mai wat 60. Kwarararsa amfa 0.26 ce kawai, turjiyarsa idan ya ɗau zafi ta haura om 880. Kun gani? Mai yawan turjiya shi ne mai ƙarancin ci, muddin turin ɗaya ne. A nan yara suke yawan tuntuɓe, don hankali yana ba su cewa babban kaya shi ne mai babbar lamba a komai.

8/ Yanzu a ce wuta ta zo bolt 180. Turjiyar dutsen nan tana nan kusan yadda take. Kwarara ta sauko amfa 3.4, ci ya koma kusan wat 610. Turi ya ragu da ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin biyar, ci kuwa ya zube da kusan kashi biyu cikin biyar, domin turi da kwarara tare suka faɗi. Shi ya sa mai guga zai yi ta dirzar shadda ta ƙi kwanciya. Amma kada a kai wannan lissafi kan firiji ko injin jan ruwa, masu mota a ciki halinsu daban: turi na faɗuwa suna iya ƙara jan amfa har su ƙone.

9/ Ma'aunai dai a bar su yadda suke, bolt, amfa, om, wat, tunda sunayen mutane ne kuma su ne a jikin mita. Abin da ya rage shi ne ɗan ƙaramin abin nan mai zanen launuka a jikin fanel, wato allon da ke cikin rediyo, wanda masu gyara ke kira rizista. An kawo "maturji", amma ban ga ranar da wani zai shiga shago a Farm Centre ya ce a ba shi maturji mai om 100 ba. Iyayenmu masu gyaran rediyo, ku da kuka daɗe da ƙarfen soda a hannu, me kuke ce masa idan kuna koya wa yaran shago?