Wane dare ne Curry ya hana ku barci?

Dogon Fagge: Jama'a salamu alaikum. Jiya ƙanina ke ce min wai Stephen Curry, ɗan ƙwallon kwandon nan na Golden State Warriors a Amurka, sa'a ce kawai, na ce yaro ba ka taɓa tashi ƙarfe biyun dare don wasansa ba shi ya sa. To kowa ya faɗo nasa daren. Ni nawa na baƙin ciki ne, wasa na bakwai kuma na ƙarshe a fainal ɗin NBA, babbar gasar kwandon Amurka, na 2016 da Cleveland, kuma cikin azumi ne, na ce bari in kalla daga nan sai sahur. Shekarar da Warriors suka ci wasa 73 cikin 82, shi kuma ya jefa mai maki uku har 402, ga shi suna gaba 3-1 a fainal, wa zai ce kofin nan zai kuɓuce? Ina zaune kan tabarma da kwanon shinkafa a gabana LeBron na Cleveland ya bi Iguodala na Warriors ya manne ƙwallo a jikin allo, can kuma Kyrie, abokin wasan LeBron, ya jefa a kan idon Curry, aka tashi Cleveland ta ci 93-89. Wallahi shinkafar nan ban san ɗanɗanonta ba, Hajiyarmu har tambaya ta yi ko rasuwa aka yi.

Malamin Motsa Jiki: Dogo ka fama min ciwo. Abin da ya fi ƙona min rai a daren nan Festus Ezeli na Warriors ne, ɗanmu na birnin Benin a Najeriya, ya taɓa LeBron yana jefa mai uku a kwatan ƙarshe, ina ta ihu koci cire shi mana kamar yana ji na.

Baƙon Amurka: Ku duk a NBA kuka san shi. Ni ina karatu a can a 2008, lokacin gasar jami'o'i ta watan Maris, abokan ɗakina suka ja ni kallo, ni da ko dokar wasan ban gama sani ba. Sai ga wani siririn yaro mai fuskar ɗan sakandare daga Davidson, wata 'yar ƙaramar kwaleji a North Carolina, ya zuba wa Gonzaga maki 40. Da Georgetown kuwa an ba su ratar 17, kowa ya sallama, wani ma ya tashi ya tafi sayo fiza, kafin ya dawo yaron nan ya birkita wasa, 25 cikin maki 30 ɗinsa duk bayan hutun rabin lokaci ne. Suka kawar da Wisconsin, sai Kansas ta tsayar da su da ƙyar 59-57, kuma Kansas ɗin ce ta ɗau kofi. Abin dariya, Virginia Tech inda babansa Dell ya yi wasa ba su ba shi sikolashif ba, wai ya yi ƙanƙanta.

Dogon Fagge: Ai ko a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 2009 na bakwai aka ɗauke shi, Minnesota na da zaɓi biyu a jere suka tsallake shi duka biyun, hhh.

Yar Tudun Wada: Ni dai mijina ne ya koya min, tun ina mita yana hana ni barci har na koma ni ke tashinsa. Daren Disamba 2021 da ya wuce Ray Allen a New York ya zama wanda ya fi kowa jefa mai maki uku a tarihin NBA, saura ƙiris aka ɗauke wuta, wayata caji kashi 6, muka haɗa kai kan 'yar waya, yana jefawa na buga guɗa jaririya ta farka, sai asuba ta koma.

Na Damagaram: Nawa ba tsakar dare ba ne ma, fainal ɗin Olamfik na Faris 2024, bayan isha'i, gidan kallo cike da 'yan ƙwallon ƙafa da ba ruwansu da kwando, amma da suka ji Faransa ake bugawa kowa ya zama ɗan Amurka. Masu maki uku har huɗu Curry ya jefa a mintuna ukun ƙarshe, ta ƙarshen mutum biyu a kansa, ya ɗora kunci kan tafin hannu alamar ku je ku kwanta. Mai shayin ƙofar gidan har yau in ya ce shayi ya ƙare haka yake mana.

Malamin Motsa Jiki: Dogo turo min ƙanin naka fili ranar Asabar, in tsayar da shi bayan layin uku ya jefa goma, mu ga sa'ar.