Aikin hannu a aji shida: koyo ne ko ɓata lokaci?

Baban Abba: Assalamu alaikum. Malam, na ga jadawalin 'yan aji shida na wannan makon. Ranar Alhamis bayan an dawo daga tara, awa ɗaya da rabi duk an ba zane da aikin hannu. A ganina ɓata lokaci ne. Yaran nan jarrabawar shiga sakandare ce a gabansu, kuma hukumar NECO ba za ta ce yaro ya gina tukunya ba. A mayar da lokacin ga lissafi da Turanci.

Maman Khadija: Wa'alaikumus salam. Alhaji, ni tawa damuwar daban ce. Zangon da ya wuce aka ce kowa ya kawo aikin hannu. Yarinya ta zo tana kuka sai na ba ta kuɗi, ta sayo tsintsiya da faifai a kasuwa, ta kai, aka ba ta maki. To me ta koya? Ni dai na koyi farashin tsintsiya.

Malamin aji: Allah Ya ƙara girma. Darasin ba ƙirƙirata ba ce, yana cikin manhajar da hukumar binciken ilimi ta ƙasa, NERDC, ta tsara, tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. Amma bari in faɗi abin da muka yi makon jiya. Na ba kowane rukuni kwalin taliya, abin awo da almakashi, na ce su haɗa akwati mai tsawon santimita 12 da faɗin 8. Rukunin da ya yi kuskuren awo, murfinsa ya ƙi rufuwa, kowa yana gani. Sannan muka ninke takarda gida takwas. Akwai yaron da na daɗe ina fama da shi a allo cewa rabi daidai yake da huɗu cikin takwas, bai gane ba sai da ya warware takardarsa ya ƙirga da yatsa. Kuma Alhaji, a ita jarrabawar akwai ɓangaren tambayoyi kan sana'o'i da kayan aikinsu.

Baban Abba: Wannan ai lissafi ka koyar, Malam, ba zane ba.

Malamin aji: To ai mun haɗu ke nan, ranka ya daɗe.

Hajiya Inna: Ku bar ni in sa baki, na yi shugabancin makaranta kafin in yi ritaya. Abin da Maman Khadija ta faɗa shi ne ya kashe darasin nan. Duk aikin hannun da aka ce a je gida a yi, uwa ce za ta yi ko 'yar kasuwa. A gaban malami ake yinsa. Mun taɓa kai ɗalibai marinar Ƙofar Mata a Kano. Sun ga yadda ake haɗa baba da toka da kanwa, yadda ake ƙulle yadi da zare, da yadda ake tsoma shi a fitar ya sha iska kafin shuɗin ya kama. Da muka dawo na ce su rubuta abin da suka gani, har waɗanda ba sa iya cika layi uku sai da suka nemi ƙarin takarda.

Baban Abba: Hajiya, lokacinku daban. Yanzu aji cike yake maƙil, wasu a ƙasa suke zaune. Almakashi nawa ne a ajin? Biyar na yanka, sauran na surutu.

Malamin aji: Nan kam ka taɓo inda ke mana ciwo. Shi ya sa nake raba aiki: wani awo, wani zana layi, wani yanka, wani liƙa. Duk da haka wasu na zaman kallo.

Baban Abba: To a rage shi zuwa minti 45 har a gama jarrabawa.

Hajiya Inna: Minti 45 a raba kaya da share aji zai ƙare. Gara a riƙa yi mako biyu-biyu, amma a yi shi cikakke.

Malamin aji: Zan kai wa hedimasta shawarwarin biyu ranar Litinin, in sha Allah.

Maman Khadija: Ka haɗa da tawa, Malam. A daina karɓar tsintsiyar kasuwa a madadin maki.