Shin zomo yana yin shaƙuwa kamar mutum?

Maman Yara:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka daɗe da kiwon zomaye. Yarana suna da ɗan zomo wanda bai wuce wata uku ba, kuma na lura cewa wani lokaci, musamman bayan ya gama cin dusa, jikinsa yakan riƙa zabura a jere, kansa yana ɗagawa yana komawa, amma babu wani sauti da ke fita. Bayan minti ɗaya ko biyu sai ya warware ya koma tsalle-tsallensa. Shin shaƙuwa ce, ko kuwa ciwo ne da ya kamata a kai shi wurin likitan dabbobi?

Mai Kiwo a Zariya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Zomo yana shaƙuwa, kuma abin da kika kwatanta ya yi kama da ita ƙwarai. Takan zo ne idan tantanin naman da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ke janyo iska zuwa huhu, ya tsuke farat ɗaya, sannan maƙogwaro ya rufe nan take. Ta fi kama ƙanana, kuma galibi gaggawar ci ce ke jawo ta, domin ɗan zomo idan ya ga dusa yakan faɗa mata ba ji ba gani, har ya haɗiye iska tare da ita.

Shawarata ita ce ki rage masa dusar, ki yayyafa mata ruwa kaɗan, ki kwashe abin da ya rage kafin ya yi tsami, sannan ciyawa da harawa su zama mafi yawan abincinsa. Ki kuma hana yara razana shi ko ɗura masa ruwa da sunan magani. Ruwan yana iya bi ta huhu, kuma zomon da ya firgita a hannu yakan yi harbi da ƙafafun baya har ya ji ciwo a gadon bayansa.

Ma'aikacin Lafiyar Dabbobi:
Na yarda da bayanin Malam, sai dai ita shaƙuwar ba ta dame ni ba. Abin da ake ɗauka shaƙuwa ce alhali wani abu ne daban, shi ne abin tsoro. Zomo ta hanci kaɗai yake numfashi, sau 30 zuwa 60 a minti idan yana hutawa, saboda haka duk ranar da kika ga ya buɗe baki yana neman iska, ya miƙe wuya sama, miyau yana dalala ko gutsattsarin abinci yana fitowa ta hanci, to ya shaƙe ne, kuma tun da zomo ba ya iya amai, a garzaya da shi asibiti ba tare da jira ba.

Akwai kuma murar zomaye, wadda ƙwayar cutar Pasteurella ta fi haddasawa. Alamarta atishawa ce a jere da farar majina, kuma za ki ga gashin cikin ƙafafunsa na gaba ya dunƙule saboda yawan goge hanci. Haka nan idan ya yi awa 12 bai ci ba, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke gaba ɗaya, hanjinsa ne ya tsaya, wanda yakan kashe zomo da sauri. Kada a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoksisilin ta baki, domin yana kashe ƙwayoyin halittar da ke narka masa abinci a hanji. Idan zaburar nan ta sake taso masa, Hajiya, ki ɗauke shi a bidiyo da waya, domin da wuya ya yi a gaban likita.

Yaya Babba:
Ƙarin da zan yi game da zafi ne. A watannin Maris da Afrilu zomo yakan kwanta ya miƙe, cikinsa yana bugawa da sauri, kunnuwansa sun yi zafi, wasu sai su ce shaƙuwa ce. Bambancin shi ne shaƙuwa tana zuwa ɗaya bayan ɗaya da ɗan tazara, haki kuwa ba ya tsayawa. A mayar da kejin inuwa, nesa da rufin kwano, a shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa, kuma kada a tsoma shi cikin ruwa.