Hirar zaɓen kansila a wata majalisa a Daura

Bayan la'asar hira ta gangaro kan zaɓen ƙananan hukumomi. Wani dattijo da ya ga zamanin En'e ya ce gyaran 1976 ne ya kawo tsarin, kuma a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina, an yi zaɓe babu jam'iyya. Shawararsa, a koma duba halin mutum.

Samari suka ce a'a Baba, tunda Kotun Ƙoli ta ce a 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a bi sawun kuɗin. Mai shayi ya ce kada a bar rumfa sai an ƙirga ƙuri'a. Tasa ta fi shiga raina, don na taɓa fita shan ruwa na dawo babu akwati.