Dan Allah masu sani, zan iya ci gaba da gudun safe da ciki sati 14?

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a sakaya sunana. A Jos nake wajen Rayfield, kuma ni tun kafin aure ina gudun safe, ba na gasa ba, kawai bayan asuba in zaga unguwa in dawo, ranar Asabar kuma wani lokaci mu haɗu da ƙawaye a filin wasa na Rwang Pam. Yanzu Allah ya ba ni ciki, na fari ne, sati 14 a lissafin sikanin, laulayin ya fara sakina kuma jikina yana son komawa gudun sosai, don wallahi ranar da ban fita ba jikina a mace yake wuni ga ɓacin rai ba dalili. Matsalar ita ce Hajiya mahaifiyar maigida ta ji labari, ta kira ni ta ce ko tsalle kar in kuskura, cikin fari ba a wasa da shi, girgiza ce ke zubar da ciki. Shi kuma oga ya ce in tambayi masana. Ranar awo na so in tambaya amma layi ya yi yawa ban samu sarari ba, sai dai an ce jinina bai hau ba kuma komai lafiya. Shin gudun yana da illa? In babu, har zuwa wane wata? Kuma ya zan yi da Hajiya kar ta ga kamar na raina maganarta?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ni dai 'yar uwa da za ki ji tawa ki haƙura, wata nawa ne ya rage? Gudu ba zai gudu ba, yana nan yana jiranki bayan arba'in. Allah ya raba lafiya.

Sista Ungozoma:
Ƙanwata barka, Allah ya inganta. Aikina kenan awo da karɓar haihuwa, bari in ɗan yi tsawo. Mace mai lafiyayyen ciki wadda dama ta saba gudu kafin ta samu cikin, yawanci za ta iya ci gaba, sai dai ta rage sauri da nisa yadda cikin ke girma. Wadda ba ta taɓa gudu ba kuwa ba yanzu ne lokacin fara shi ba, ita tafiya da ɗan sauri ta ishe ta. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce mai ciki da ba ta da wata matsala ta samu aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, wato kamar minti 30 sau biyar, kuma ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ma abin da take cewa kenan. Amfaninsa ba kaɗan ba ne, yana rage haɗarin ciwon suga na ciki da hawan jini, yana rage ciwon baya da taurin bayan gida, ga barci mai daɗi.

Maganar ɓari kuma, kusan rabin wanda ke faruwa a watannin farko daga halittar ɗan tayin ne tun farkon haɗuwarsa, ba don uwar ta yi tafiya ko ta ɗaga bokiti ba, kuma abin yana min ciwo yadda mata ke zuwa suna kuka suna ɗora wa kansu laifin abin da ba su da hannu a ciki.

Amma fa akwai waɗanda aka hana, shi ya sa ban yarda ki ɗauki maganata a nan a matsayin izini ba tunda ban ga katinki ba. Mai zubar jini, wadda aka yi wa ɗinkin bakin mahaifa, wadda mabiyiya ta toshe bakin mahaifa bayan sati 26, mai hawan jinin ciki, mai ƙarancin jini sosai, mai ciwon zuciya ko huhu, mai 'yan biyu da ake tsoron naƙuda kafin lokaci, duk waɗannan likita ne zai faɗa masu abin da za su iya. Awo na gaba kar ki tashi daga kujerar nan sai kin tambaya, ki ce a duba miki PCV ɗinki ma, wato gwajin yawan jini, don a nan ƙarancin jini da maleriya su ne suka fi kayar mana da masu ciki, mace ta ɗauka gajiyar gudu ce alhali jini ne babu.

Anti Ladi:
Sista ta gama magana. Ni a Bokkos na taso, iyayenmu mata da cikin wata takwas suna gonar dankali, su ɗauko itace su yi daka, ba wadda aka ce ta kwanta. Yau kuma sai a ce mace ta zauna a kujera wata tara ƙafa ta kumbura.

Sista Ungozoma:
Anti gaskiya ne zama wuri ɗaya ba alheri ba ne, amma kaya mai nauyi a kai da wuni a rana ba shi muke nufi ba, su ma da yawa dole ce ta sa su kuma sun sha wuya a kai.

Maman Zara:
Ni na yi, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake a jiki. Farko numfashi zai riƙa ƙare miki da wuri fiye da da, kar ki yi gardama da shi. Abin da likitana ya ce min shi ne in ina gudu in iya yin magana jimla guda ba tare da haki ya yanke ni ba, in na kasa to na wuce gona da iri in koma tafiya, sai na riƙa yi da maƙwabciyata muna hira, da na ji maganata ta fara guntulewa sai mu rage. Ki sayi bireziyar wasanni mai riƙe ƙirji da kyau, wadda kike da ita ba za ta shige ki ba nan da ɗan lokaci, kuma ki yi fitsari kafin ki fita sannan ki zaɓi hanyar da ba ta yi nisa da gida ba don zai sake matsa miki a hanya, wannan ba wanda ya gaya min. Ki riƙe gorar ruwa kina kurɓa. Sanyin Jos yana ruɗin mutum, ki jibga suwaita biyu da hijabi mai kauri ki fita, minti goma kin jiƙe da gumi, kuma zafin jiki ya yi yawa ba a son shi ga mai ciki, gara kaya marasa nauyi da za ki iya cire na sama. Lokacin hunturu kuma in hazo ya yi yawa ki bari ya ɗan washe.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba gudun ba ne, faɗuwa ce. Gaɓoɓi suna saki da ciki, ga nauyi ya koma gaba, ga hanyoyinmu ramuka da tsakuwa, kuma da asuba ba ka ganin gabanka sosai, keke ma ya taho ba fitila. Ki jira gari ya waye, ki bi shimfiɗaɗɗen wuri, ki bar hawa da gangara. Ni wajen wata shida marata ta fara nauyi kamar ana jan ta ƙasa, ba wanda ya ce in daina, da kaina na koma tafiya har na haihu.

Ummi:
Ai Serena Williams ma da ƙaramin ciki ta ci gasar tanis ta Ostireliya a 2017, ki nuna wa Hajiya.

Maman Zara:
Ummi wannan likitoci ne zagaye da ita dare da rana, kuma sana'arta ce tun tana yarinya. Kar mu auna kanmu da ita.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai abin da zan ƙara, kar jin ƙarfi ya ruɗe ki. Cikina na biyu garau nake jin kaina ina komai, sai sikanin wata biyar ya nuna mabiyiya ta sauko ƙasa, aka ce in dakata da duk wani abu mai girgiza sai an sake dubawa. Don haka izinin da aka ba ki yau ba na wata tara ba ne, kowane awo ki sake tambaya.

Hajiya Babba:
'Yata, ta ɓangaren surukarki zan yi magana. Ba ƙin ki take ba, jikanta take tsoro, kuma wataƙila ta ga ɓari a rayuwarta wanda ke ba ki sani ba. Kar ki yi ta a ɓoye, Jos ƙarama ce wani zai gan ki ya kai mata, kuma in wani abu ya faru ko da ba gudun ne sanadi ba, ke za a ɗora wa har abada. Kar kuma ki je mata da maganar intanet. Ki sa mijinki ya raka ki awo ya ji da kunnensa, shi ya je ya gaya wa mahaifiyarsa cewa likita ne ya ce ki riƙa motsa jiki saboda sauƙin haihuwa, daga bakin ɗanta ya fi shiga. In da hali ya riƙa fita tare da ke, hankalinta zai fi kwanciya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Hajiya Babba zan bi wannan in sha Allah. Sista saura ɗaya, wace alama zan gani in tsaya, kuma atisayen tumbi da nake yi a kwance fa?

Sista Ungozoma:
Na kwanciya rigingine ki bar shi daga wajen sati 16, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai ki ji jiri. Ki maye shi da matse gaban nan kamar mai riƙe fitsari, ki riƙe ɗan lokaci ki saki, a zaune ma ana yi kuma zai taimake ki bayan haihuwa. Alamomi kuma, in kin ga jini ko ruwa yana zubo miki, jiri, ciwon ƙirji, haki tun kafin ki fara, ciwon kai mai tsanani, mara tana murɗawa tana saki a jere, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ki tsaya nan take ki tafi asibiti a ranar, kar ki ce sai ranar awo. In cikin ya girma kika ji motsin yaro ya ragu shi ma haka. Kuma ki ɗan sa wani abu a baki kafin ki fita ko ayaba ɗaya ce, ki ɗauki wayarki da caji.