Wa jirgin ruwan yawon buɗe ido ya taɓa bari a tasha?

'Yar autan Hajiya, Kaduna

Assalamu alaikum. Ni da Hajiyarmu za mu shiga jirgin ruwan yawo na kwana 7 daga Basalona, zai tsaya Marsel, da tashar da ake zuwa Rum, da Napoli, sannan Tunis, ya dawo. Wannan ne karonmu na farko. Jiya ƙanena ya turo mini bidiyon wasu Turawa suna gudu a bakin tasha da jakunkuna, jirgi kuwa ya riga ya ja baya, na saman suna ta ihu suna ɗaukar hoto. Tun lokacin barci ya ƙi. Hajiya tana allurar ciwon suga, kuma ba ta iya sauri. Don Allah wanda abin ya taɓa samu, ko ya kusa, ya faɗa mana yadda aka yi da abin da ya kamata mu riƙe in za mu sauka.

Ɗan Kantin Kwari

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni ba ji na yi ba, a kaina aka yi. Jirginmu na zagayen Tekun Fasha ne, daga Dubai. Muka kwana a ruwa daga Doha ta ƙasar Katar muka wayi gari a Abu Dabi ta Daular Larabawa. Katar tana bayan Daular Larabawa da awa ɗaya. An sanar a jirgi da daddare cewa a matsar da agogo gaba, ni kuwa ina barci, wayata kuma na kashe mata layi saboda tsadar kira a waje, sai ta tsaya a lokacin Doha abinta.

Da safe na je Masallacin Sheikh Zayed, na dawo na shiga kasuwar dabino da ke nan kusa da tashar Mina Zayed. Uwargida ta ce ƙafarta ta gaji, ta koma jirgi. Ni kuwa kun san halin ɗan kasuwa, na zauna ina taya katan uku, mai shago yana ba ni ɗanɗano ina cewa albarka. Na duba waya na ga huɗu da rabi, na ce ai da saura, sai biyar da rabi aka ce kowa ya kasance a ciki. Ashe biyar da rabin ce ta yi a daidai wannan lokacin. Sai da na ji wani irin ƙaho mai girgiza ƙirji, mai shagon ya dube ni ya ce, ba naku ba ne wannan?

Na isa da katan uku a ka, an ɗauke tsani. A tashar mota ta gida direba yana ganinka da kaya zai taka birki ko da ya hau titi. Wannan ko waiwaye babu. Abin da ya cece ni biyu ne. Wani mutum sanye da rigar aiki yana tsaye da ambulan a hannu, ya kira sunana, fasfona ne a ciki, jirgin ya bar masa. Na biyu, tasha ta gaba Dubai ce, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota kuma ƙasa ɗaya ce. Na ɗauki tasi, na kwana a wani ƙaramin otal a unguwar Deira ta Dubai da 'yan dirhamin da suka rage a aljihu, washegari na tarbi jirgin. Da Maskat ta ƙasar Oman ce ta gaba da labarin ya sha bamban. Uwargida sai da ta yi kwana biyu ba ta ce mini uffan ba.

Yanzu agogon hannu nake ɗaurawa, na Naira kaɗan, in saita shi da agogon da ke bakin ƙofar fita.

Nas a Manchesta

Alhaji, Allah ya kiyaye gaba, amma ka ba ni dariya da katan a ka.

'Yar uwa, maganar Rum ce ta ja ni. Jirgi ba ya zuwa Rum, a Chibitabekiya yake tsayawa, kusan kilomita 80 daga birnin. Jirgin ƙasa yana cin awa ɗaya da wani abu, kuma daga tashar jirgin ƙasa zuwa inda jirginku yake akwai wata tafiyar bas a cikin tashar ruwan. Mu mun tafi da kanmu don kuɗin rangadin da kamfanin ya shirya ya yi mana yawa. Da yamma muka zo Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, muka tarar ana yajin aiki, allon duk ya cika da jiragen da aka soke. Italiya ana sanar da yajin aiki tun kafin ranar, mu ne ba mu duba ba. Muka tare tasi, sama da yuro 100, kuma katina na farko ya ƙi, sai da na zazzage kuɗin hannu. Mun shiga saura minti 10, ana ta kiran sunayen wasu a lasifika.

Tunda da Hajiya za ki tafi, ranar Rum ki biya rangadin jirgin kawai. Ya fi tsada, amma in motarsu ta makara jirgin yana jira, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. In da kanki kika tafi, komai a wuyanki yake: otal, tikiti, abinci. Napoli kuwa tashar a cikin gari take, kuna iya fita da ƙafa ku dawo.

Maganin Hajiya: ki ɗauki na kwana 3 duk saukar da za ku yi, ko da awa biyu za ku yi a waje. Alƙalamin insulin ɗaya a 'yar jakar sanyi, allurai, na'urar gwaji, da alewa ko dabino saboda faɗuwar suga. Alƙalamin da aka fara amfani da shi yana jure zafin ɗaki na wasu makonni, rana kai tsaye ce ba ya so. Ki sa likitanta ya rubuta sunan maganin na asali da adadin da take yi, ki ɗauki hotonsa, domin sunan kamfani yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma mai kantin magani a Turai ba zai miƙo miki don kin roƙe shi ba.

Malamin jami'a, Zariya

Ni inda zan ja hankali shi ne fasfo. Kada ki fita da shi. A Basalona aka zare mini walat a kan titin Rambla, ban ji ko motsi ba, sai da na zo biyan kuɗin shayi. Da fasfona yana ciki da tafiyar ta ƙare tun ba a fara ba, in koma neman ofishin jakadancinmu a Madrid. Yiwuwar a yi miki sane ta fi yiwuwar jirgi ya bar ki nesa ba kusa ba. Kwafi ya isa.

Nas a Manchesta

Malam, kwafi ba ya hawa jirgin sama. Bature mai fasfon Turai in aka bar shi a Napoli zai hau jirgin ƙasa ko ya nuna katin ɗan ƙasa ya wuce. Mu masu koren fasfo bizarmu tana manne ne a cikinsa. Ni a jakar da ke ƙarƙashin riga nake sa nawa.

Tsohon ma'aikacin jirgi, Legas

Malam da Anti Nas, kowa da gaskiyarsa. Na yi shekara 6 ina aiki a sashen ɗakuna, bari in faɗi yadda ake yi daga ciki.

Katin da ake ba ki ranar shiga, shi ne makullin ɗaki, shi ake dannawa duk fita da shiga, don haka mun san wanda bai dawo ba tun kafin lokaci ya cika. Lokacin da aka ce kowa ya dawo yawanci rabin awa ne kafin tashi. In ya wuce, za a kira suna a lasifika, a buga wayar ɗaki, a gwada lambar da kika bayar. In shiru, jami'in tsaro da ɗaya daga cikinmu za su shiga ɗakin su buɗe akwatin ƙarfe na ajiya. Fasfon da aka tarar a ciki a miƙa wa wakilin jirgi na wannan tasha, irin mutumin da ya tari Alhaji da ambulan. Minti kaɗan muke da shi. Ba wanda zai tsaya zazzage akwatin kayanki ko laluben ƙarƙashin katifa, kuma wallahi na sha ganin mutanenmu sun ɓoye fasfo a cikin zani a ƙasan akwati. To in za ki bar shi, ki bar shi a akwatin ƙarfen, tare da na Hajiya. Akwai kuma tafiyar da jirgin ne ke karɓe fasfo duka ya riƙe saboda jami'an shige da fice, akwai tashar da za a ce dole kowa ya fita da nasa. Ki bi abin da aka rubuta na ranar.

Takardar shirin rana da ake kawowa ɗaki, ko a manhajar jirgin, tana ɗauke da suna da lambar wannan wakili. Shi ne uwa shi ne uba in an bar ki. Ki ɗauki hotonta kowace safiya, ki kuma kwafe lambar a takarda, saboda waya tana mutuwa kuma manhajar ba ta cika aiki ba in kin bar intanet ɗin jirgi. In kin ga za ki makara, ki kira shi tun kina hanya. Kyaftin ba mugunta yake yi ba, matuƙin tasha da zai fitar da jirgin an ba shi lokaci, wurin tsayuwa na kuɗi ne, ga dubban mutane da tasha ta gaba. Amma na ga an ƙara minti goma sha ga wanda aka san yana cikin tasi a bakin ƙofa. Wanda ba a ji ɗuriyarsa ba, ba a jiransa.

A taki tafiyar, Tunis ce nake jin tsoro. Kin fita daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, don haka bizarku ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya, kuma kwanakinta su zarce ranar ƙarshe da 'yan kwanaki. A ranar nan kada ki raba ƙafa da motar jirgin.

Ɗan Zango, Kumasi

Abin bai same ni ba, amma mun bi wani labari a nan kusa da mu. A watan Maris na 2024 jirgin Norwegian Dawn, da ya taso daga Afirka ta Kudu zai je Basalona, ya bar fasinja 8 a tsibirin Sawo Tome. Rangadin kansu suka tafi suka makara, jirgin kuwa a cikin ruwa ya tsaya, da ƙananan jirage ake jigila, na ƙarshe ya riga ya tafi. An bar musu fasfo wurin wakili, amma magunguna da kaya suna ciki. Suka yi ta ratsa ƙasashe har Banjul, jirgin bai samu tsayawa a can ba, sai a Dakar suka cim masa bayan kusan mako guda. Waɗannan fa 'yan Amurka da Ostareliya ne.

Bamaraɗiya a Liyon

Maganar ƙananan jirage ta tuna mini tsibirin Santorini na Girka. Garin Fira yana saman dutse, tashar tana ƙasa. Hanyar sauka mai sauƙi ita ce motar da ke bin igiya, 'yan akwatuna 6 ne kowanne mutum 6, ranar kuwa jirage huɗu ne a ruwa. Na zo da awa ɗaya a hannu ina ganin na yi dabara, na tarar da layi ya zagaye lungu. Sai na bi matakala, kusan 600, a goge suke suna santsi, ga jakuna da alfadarai suna hawa suna sauka suna matse mutum da bango. Na baro jakai a Maraɗi na zo suna neman tura ni teku a Girka. Takalmina mai tsini na cire na riƙe a hannu, na taka abin da ba zan faɗa ba. Na samu jirgin jigila na ƙarshe, ma'aikacin yana riƙe da igiya yana girgiza kai.

Inda ake jigila, lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe shi ne naki, kuma ya riga na tashin babban sosai. Ki tambaya ko akwai irin tashar a tafiyarku, saboda ƙafar Hajiya.

'Yar autan Hajiya, Kaduna

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Na duba bizar, mai shiga da yawa ce, alhamdu lillahi. Na biya rangadin Rum da na Tunis yau. Saura kuɗi: nawa zan riƙa fita da shi? Katina na Naira ne.

Ɗan Kantin Kwari

Kada ki dogara da katin Naira, yau ya yi gobe ya ƙi, kuma akwai iyakar abin da banki ke bari a kashe a waje. Ki nemi katin dala, ki kuma riƙe yuro a hannu wanda zai biya tasi mai nisa, kwana ɗaya a otal da abincin mutum biyu. Ki raba gida biyu, rabi wurinki rabi a lalitar Hajiya, ki sa mata takarda mai sunan jirgi da lambar ɗaki da ta wakili ko da kun rabu a cunkoso. Caja da fawabank su zauna a jakar, ni a otal ɗin Deira aron caja na yi wurin mai gadi. Ki karanta takardar inshorarku ki ga ko ta haɗa da rasa jirgi, tawa ba ta haɗa ba, sai bayan na dawo na sani.

Bamaraɗiya a Liyon

Alhaji, ba ka faɗa mana ƙarshen dabinon ba.

Ɗan Kantin Kwari

Katan ɗaya na ba direban tasi, ɗaya mai gadin nan. Na ukun na kawo Kano, da na lissafa kuɗin tasi da otal a kansa sai na hana yara taɓawa, na ce sai azumi.